Burushin Baba Mai Layi Uku

Baffa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, ina gaida Inna. Yaya gwiwar? Direban da zai kawo maka wannan takarda ya ce ya gan ka a kan tsani kana rubuta allon wani mai sayar da taya, alhali likita cewa ya yi ko kujera ka riƙa hawa a hankali. Na dai ji. Ni lafiyata lau, sai 'yar mura da ta leƙo ta koma.

Da kiran ka zan yi, to na san abin da za ka ce: maganar waya iska ce, abin da ba a rubuta ba ba a yi shi ba. Shi ya sa na nemo takarda.

Ka san aikina zanen hotunan littattafan yara ne, kuma a kwamfuta nake yi. Akwai wani ɗan allo da nake gogawa da alƙalami marar tawada, abin da na zana sai ya fito a fuskar kwamfutar. Manhajar da muke zanen da ita kyauta ce, mutane ne daga ko'ina suka haɗa hannu suka gina ta, kuma kowa yana iya ƙera burushinsa a ciki. Ga yadda ake yi: ka samu tabon baƙin fenti a farar takarda, ka ɗauki hotonsa ka saka. Shi ke nan duk inda ka ja alƙalami, kwamfuta za ta riƙa maimaita tabon nan a jere har ya zama layi. In tabon mai tsage-tsage ne, layin ma haka zai fito.

Yanzu ga abin da ya kawo ni. Nan da wata biyu Baba zai cika shekara biyu da rasuwa, Allah ya jiƙansa. Hotonsa ɗaya gare ni, na jikin katin shaida, wanda ya fito kamar an tashe shi daga barci. Ina so in zana shi da hannuna kafin ranar. Na gwada duk wani burushi da ke cikin manhajar, kowanne sumul yake, shi kuwa Baba bai taɓa yin aiki sumul ba. Ka tuna tsohon burushinsa mai jan mariƙi, wanda gashinsa ya rabu gida uku? Duk harafin da ya ja da shi sai ka ga layi uku a ciki. Tun ina ƙarama, in na bi titi, da layukan nan nake gane allon da Baba ya rubuta da wanda kai ka rubuta, duk da shagonku ɗaya.

Roƙona shi ne ka tsoma shi a baƙin fenti, ka danna a farar takarda sau ɗaya, ka ja sau ɗaya, ka ba direba. Yadda ya fito, haka nake so.

'Yarka,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, na karanta ta sau biyu, na biyun saboda rubutunki. Kin bar gida da hannu mai kyau, yanzu haruffanki faɗawa juna suke kamar masu rige-rigen shiga mota. Gwiwa da sauƙi. Shi kuma direban nan ya ji da tuƙinsa. Innarki tana gaishe ki, ta ce ki rage shan ruwan sanyi.

Zancen kwamfuta ban gane shi duka ba, amma na gane cewa aikin shagon nan zai shiga na'urar da mutanen duniya ke kallo. To ni shekara arba'in da ɗaya ina wannan sana'a, ba a taɓa dawo min da allo ba, kuma ba yanzu za a fara ba.

Na ɗauko burushin mahaifinki daga gwangwanin da ya bar shi, na danna yadda kika ce. Auta, abin da ya fito, in kaza ta taka fenti ta wuce ta kan takarda ta fi shi tsari. Na yage ta nan take kafin wani ya shigo. Shekara talatin ina gaya wa ƙanen nan nawa ya jefar da abin nan, yana ɓoye min shi a aljihun riga. Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne, amma ba ya jin magana a kan kayan aiki.

Saboda haka na ɓare sabon burushi, na sa rula, na ja miki layi miƙaƙƙe wanda ko injiniya ya gani zai cire hula. Na yi miki da'ira ma. Sannan da na ga takarda ta rage, na rubuta miki BARKA DA ZUWA da haruffa masu inuwa, kyauta ce wannan daga gare ni. Ki saka su duka a kwamfutar, ki gaya wa mutanenku baffanki ne ya yi.

Baffanki

*

Baffa,

Ina gaisuwa, ina yi maka sannu da aiki. Na daina shan ruwan sanyi, a gaya wa Inna, ko da yake ba don na so ba, firjin ofishinmu ne ya mutu.

BARKA DA ZUWA ɗinka tana manne a ƙofar ofishinmu. Shugabarmu ta tsaya a gabanta ta yi minti biyu, ta ƙi yarda hannu ne ya yi. Wannan ka ci.

Amma Baffa, layi miƙaƙƙe kwamfuta tana jan dubu kafin ka buɗe gwangwanin fenti. Da'ira kuwa ita ce abu na farko da take ba kowa. Na saka taka don kada in ce ban gwada ba, na ja alƙalami, sai ga wani abu dogo mai santsi kamar tiyon ban ruwa. Na rage tazarar da ke tsakanin tabo da tabo, na ƙara, na sa ya riƙa juyawa yana bin hannuna, duk dai tiyo ne. Abin da kwamfuta ba ta iya ba shi ne abin da burushin Baba yake yi ba tare da an roƙe shi ba.

Don Allah tsohon nake so. Mai jan mariƙin. Shi kansa, ba ɗan'uwansa ba, ba sabo ba. Shi ne abu na ƙarshe da hannun Baba ya riƙe a shagon nan. Saura mako biyar.

'Yarka,
Auta

*

Auta,

Bayan gaisuwa, muna lafiya, sai Innarki da haƙori ya dame ta kwana biyu, shago da gida duk mun huta da surutu.

Yanzu na fahimce ki sarai, kuma ki yafe min jinkirin ganewa. Ashe ba layi kike nema ba, abin da mahaifinki ya riƙe kike so ki taɓa. Da na karanta wurin nan sai da na juya baya na share ido, mai ɗinkin da ke maƙwabtaka da mu ya tambaya na ce ƙaurin fenti ne.

Na ce to tunda haka ne, burushin ƙanena ba zai shiga duniya a wulaƙance ba. Na jiƙa shi a kananzir kwana uku. Ki ga abin da ya fito! Koren shagon mai magani, shuɗin makarantar nan ta bayan kasuwa, jan da ya yi wa motar ƙanƙara, fentin shekara talatin duk ya narke ya bi ruwa. Na wanke shi da sabulu sau huɗu. Na taje shi da matajin Innarki, wannan tsakanina da ke ne. Gashin da ya ƙi kwanciya kuwa, na ɗauke shi na kai wa mai aski. Ya ce tunda yake bai taɓa yi wa burushi aski ba, amma ya zaunar da ni a kujera na riƙe masa, ya sa almakashi ya daidaita bakin tsaf.

Ga layinsa nan a takarda, da shi kansa na ja, ba da sabo ba. Dubi yadda ya fito baki ɗaya, babu tsaga ko ɗaya. Da ƙanena zai gan shi yau, wallahi ba zai gane shi ba.

Ba sai kin yi godiya ba, aikina ne.

Baffanki

*

Auta,

Assalamu alaikum. Lafiya kuwa? Yau mako shida ke nan da na aiko miki da aikin nan. Direba ya je ya dawo sau uku hannu rabbana. Na tambaye shi ko ya gan ki, ya ce ya gan ki, kin karɓa, kin buɗe a gabansa, kin ce an gode. Na ce sai me? Ya ce sai kika shige ciki. Mutumin da ya iya hango ni a kan tsani daga tsallaken titi, yau ya rasa abin da zai faɗa.

Ni na ɗauka farin ciki ne ya ɗaure miki baki, ko kuma aikin zanen ya yi nisa har ba ki da lokaci. Innarki ta ce shiru ma magana ce. Kada ki kula ta, haushina take ji, ta ga jan fenti a matajinta.

In murar ce ta dawo ki faɗa. In kuma layin ya yi wa kwamfutar faɗi ne, ina iya mayar da burushin wurin mai aski a ƙara rage shi.

Baffanki

*

Baffa,

Ina gaishe ka, ina gaida Inna. Lafiyata ƙalau.

Kada ka ƙara kai shi ko'ina, don Allah.

Na yi fushi ne, kuma ban san yadda ake yi wa baffa fushi a takarda ba, shi ya sa na yi shiru. Layi ukun nan da kake kira takun kaza, su nake nema tun farko. Busasshen fentin da ka narkar shi ne ya raba gashin gida uku. Gashin da ya ƙi kwanciya shi ne yake barin ɗan wutsiyar nan a ƙarshen kowane harafin Baba. Ka jiƙa, ka wanke, ka taje, ka aske. Yanzu burushin Baba yana rubutu irin naka.

Da na buɗe takardar na shiga ɗakin ajiyar ofis na rufe ƙofa na yi kuka, tsakanin kwalayen littattafai. Ranar da nake ta lissafi ta zo ta wuce, ban zana komai ba.

Na san da zuciya ɗaya ka yi. Shi ne ma ya sa na rasa inda zan kai ƙara.

'Yarka,
Auta

*

Auta,

Assalamu alaikum. Gwiwa ta kumbura, za ki ji dalili.

Na karanta wa Innarki takardarki. Ba ta yi faɗa ba, wanda ya fi faɗan ciwo. Ta ce kawai, "Garin neman gira ka rasa ido," ta ci gaba da ninkin kaya.

Na ce abin da hannu ya gyara, hannu zai iya ɓatawa. Na samo burushi uku sababbi. Ɗaya na bar shi a fenti ya bushe, ya zama itace. Ɗaya na sa a ƙarƙashin ƙafar kujera na zauna a kai yini guda, ya ba ni layi biyar, kowanne da inda ya nufa. Na ukun na miƙa wa akuyar maƙwabta ta ɗan tauna bakin, ta cinye har kusa da mariƙi tana kallona. Ashe ɓata burushi yadda mahaifinki ya ɓata nasa aikin shekara talatin ne.

Sai na tuna ai allunan da ya rubuta suna nan a gari, in ɗauko miki hotonsu. Na ari wayar Innarki na fita. Na fara da mai gyaran rediyo. Allo fes, haruffa a tsaye kamar sojoji. Na ce wa ya sabunta maka wannan? Ya ce, "Kai mana, bara. Kai ka ce ba ka iya wucewa kana ganinsa haka." Na je wurin mai magani, haka. Mai walda, haka. Makarantar bayan kasuwa, haka. Wuri goma sha tara na je da ƙafata, Auta, ko'ina hannuna na tarar a kan nasa. Wasu ma ba su ce in yi ba, ni na zo da tsanina. Ashe tun kafin in taɓa burushin nan na riga na shafe ƙanena daga garin nan, allo bayan allo, ina ganin alheri nake yi masa. Ban taɓa jin nauyin abu irin wannan ba.

Na zauna a tasha in huta gwiwa. Uzuri ya kama ni, na zagaya baya wurin banɗakuna. Na maza an canza masa ƙofa da kwano. Ina ɗaga kai sai ga ta kusa da ita, tsohuwar ƙofar katako, an rubuta MATA da farin fenti. Kowane harafi da layi uku a ciki, ga 'yar wutsiya a ƙarshe. Ita kaɗai ta tsira daga hannuna, don me zai kai ni can?

Na manta inda nake. Na durƙusa a gaban ƙofar, na kara wayar, ina matsowa ina ja da baya don haske ya yi daidai, kamar yadda kika taɓa nuna min. Ina cikin haka ƙofar ta buɗe daga ciki.

Auta, ihun da baiwar Allah nan ta yi, sai da direbobi suka kashe injin. "Tsoho da furfurarka!" Kafin in miƙe, ga gwiwa ta ƙi, an juye min ruwan buta a ka. Matar da ke kula da wurin ta cafki wuyan rigata ta ce, "Me kake nema a nan?" Ni kuma hankali ya tashi, na ce, "Ƙanena." Ta ce, "A nan?" Na ce, "Ga shi nan a jikin ƙofa." Wata ta ce a bar shi, ba shi da lafiya. Wata ta ce lafiyarsa lau, a kawo tsintsiya.

Direban nan mai dogon baki shi ya cece ni. Ya ratsa mutane ya ba da labarin daga farko, har da askin burushi, wanda ban san inda ya ji ba. Matar da ta jiƙa ni ta koma tana ba ni haƙuri, ita ma ta rasa yayanta bana. Daga ƙarshe aka daidaita: zan sa musu sabuwar ƙofa in rubuta, in ɗauki tsohuwar.

Innarki ta turo miki hotunan ta waya. Na kuma sa an fitar da biyu a takarda, don ni har yanzu ban yarda da wayar ba. Ban wanke ƙofar ba. Ban goge ko ƙura ba.

Ki yafe min, 'yata.

Baffanki

*

Baffa,

Sannu, sannu, sannu. Allah ya ba gwiwa lafiya. Na karanta takardarka ina dariya ina kuka har abokiyar aikina ta kawo min ruwa. Direba ya ba ni labarin shi ma, amma a nasa an yi amfani da tsintsiyar. Ban tambaya ba, kai ma kada ka faɗa.

Hotunan sun yi. Na yanko sandar da ke saman harafin T da ƙafar M ta dama, na mayar da su baƙi a kan fari, na zauna kwana biyu ina cire zanen katako da tabon tsatsar ƙusa ɗaya bayan ɗaya, ba tare da na taɓa na Baba ba. Na matse tazarar don tabon ya haɗe ya zama layi, na sa ya riƙa bin inda hannuna ya karkata, na kuma sa in na danna alƙalami da ƙarfi gashin ya buɗe. Na ja na farko. Layi uku, Baffa, har da wutsiyar. Na daɗe a zaune ban ja na biyu ba.

Kwana tara na yi ina zanen. Ga shi nan a cikin kwalin nan, na sa an buga shi babba, naka ne. Burushin kuma na saka shi inda masu manhajar ke ajiye nasu don kowa ya ɗauka, na sa masa suna Burushin Baba. Har wani da ban sani ba, daga wata ƙasa mai nisa, ya zana teku da shi ya turo yana godiya, yana tambayar inda na samo tabon. Na ce sirrin gida ne.

Ni ma ka yafe min takardar nan mai zafi.

'Yarka,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Gwiwa ta sace, alhamdu lillahi. Zancen tsintsiya ƙarya ne, sau ɗaya ce kuma ba ta same ni sosai ba.

Ƙofar tana shago, jingine da bango. Innarki ta ce in dai tana numfashi ƙofar nan ba za ta shiga gidanta ba. Masu kawo aiki sai su dube ta su dube ni, wani har ya tambaya ko nan ne ake zagayawa.

Kwalin ya iso jiya da hantsi. Na buɗe shi ni kaɗai. Auta, shi ne. Hular nan da yake turawa ƙeya, da idon da yake ƙanƙancewa in yana auna allo. Na matsa kusa sai na ga gemunsa, da kumatunsa, da wuyan rigarsa, duk layi uku-uku ne, kamar shi ya tashi ya zana kansa. Na zauna a kan gwangwanin fenti na yi kuka, wannan karon mai ɗinki ya leƙo ban ce masa ƙaurin komai ba ne.

Sai dai in gaya miki gaskiya, kunnen hagu ya fi na dama sauka da kusan faɗin yatsa. Na auna da rula. Ban san lokacin da na ɗauko siririn burushina ba, na haɗa launin ya yi daidai, na tsoma, na kai hannu har ya kusa taɓa takardar. Aikin minti ɗaya ne, kuma da ba wanda zai sani.

Na tsaya a haka har fentin ya fara ɗiga min a yatsa. Sannan na je na wanke burushin na mayar da shi gwangwani.

Na rataye hoton a saman teburinsa da kunnen yadda yake. Yau da safe da na buɗe shago hannuna ya fara ƙaiƙayi, sai na zuba hannayen duka biyun a aljihu, na tsaya na gaishe da ƙanena.

Baffanki